Hannunki a Wanke Yake, Dada

Unguwar Turaki, Jalingo.

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda 'ya ke yi wa uwa, da fatan Allah ya sa kina cikin rahama da yalwar makwanci. Ni ce 'yarki Hajara. Ba ki san rubutuna ba, don lokacin da kika bar duniya ko baƙi ɗaya na boko ban sani ba. Shekara uku ke nan ina zuwa ajin yaƙi da jahilci na matan unguwarmu. Malamarmu ta ce kowacce ta rubuta wasiƙa ga wani nata da ke nesa, ta karanta a gaban aji ranar rufe karatu. Wasu sun rubuta wa 'ya'yansu a Kano da Legas. Ni ba ni da wanda ya fi ki nisa.

Dada, jikarki ba ta da lafiya. Sunanta Binta, shekararta goma sha shida, tana sakandare. Ba ki san ta ba, ita ma sai kwanan nan ta san ki, kuma wannan laifina ne.

A littafinta na fara gani. Tun da na iya karatu nakan buɗe littattafan yara in duba, ko da ban gane Turancin ba. Rubutun Binta a da kamar na inji, shi nake kwaikwaya. Sai na ga layukan sun fara karkarwa, kamar an rubuta su a cikin mota tana tafiya. Na tambaye ta, ta ce biro ne ba shi da kyau.

Daga nan ta shiga cin abinci. Ta cinye nata, ta suɗe na ƙannenta, ta koma ta kankare tukunya, amma siket ɗin makaranta yana zamewa daga ƙugunta. Da sanyi kowa yana neman mayafi, ita tana fifita da murfin kwano. Abu kaɗan ta hau faɗa, abu kaɗan ta fashe da kuka. Wata safiya ina sharar tsakar gida ta kira ni, na ɗago, sai na ga idanunki a fuskarta. Manya, a buɗe, farin ya kewaye baƙin, ba sa ƙiftawa. Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. Na dubi wuyanta, ga ɗan kumburin nan a gaba, yana hawa yana sauka idan ta haɗiye miyau.

Kin san abin da aka kira wannan kumburin a garinmu na bakin Binuwai. Ba su ce maƙoƙo ba, don sun san maƙoƙo, masu shi ba sa zare ido. Cewa suka yi ƙanƙarar maita ce ta taso daga cikinki ta tsaya a wuya. Suka ce dubi yadda take ci ba ta ƙoshi, ai ba tuwo take nema ba.

Kafin wannan ke ce mai kunun gyaɗar da ake layi a kanta ran kasuwa. Ina ɗaukar miki ludayi da ƙoƙuna. Na ga lokacin da hannunki ya fara rawa, kunu yana zuba a gefen ƙwarya, kina dariya kina cewa tsufa ne ya yi sammako. Alhali ko arba'in ba ki kai ba.

Sai Ladi, 'yar maƙwabtanmu, ta kwanta da zazzaɓi mai zafi, cikin sambatu ta ambaci sunanki. Yaya ba za ta ambace shi ba, yarinyar da kullum kike zuba wa ragowar kunu? Bayan la'asar suka zo suka tsaya a ƙofar gida. Baba ya riga ya rasu, babu namijin da zai fita ya yi magana. Suka kwantar da ita a kan tabarma a fili, suka ce sai kin tsallake ta, kin kurkure baki an ba ta ruwan ta sha, don ki sakar mata kurwa.

Ina tsaye a bakin zaure. Kin waiwayo kin dube ni sau ɗaya. Sannan kika ce wa mutanen, “Idan tsallakawata za ta ba ta lafiya, sau goma ma sai in tsallaka.” Kika tattare zaninki. Ƙafafunki suna rawa, har kika kusa faɗuwa a kanta.

Kwana uku Ladi ta tashi. Da ta mutu za su ce ke kika cinye ta. Da ta warke suka ce ai ga shi kin sake ta. Babu ta inda za ki fita.

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, ni ma na yarda, Dada. Ba duka ba, amma na yarda daidai yadda zai hana ni sa hannu a kwano ɗaya da ke. Kullum idan kin kwashe tuwo sai ki ce, “Hajara, zo mu ci, hannuna a wanke yake.” Ni kuma in ce na ci a gidan Goggo. Kin san ƙarya nake yi. Sai ki ci ke kaɗai, da sauri, kamar mai jin kunyar yunwarta, ki rufe mini rabona. Da safe ki zuba wa kaji.

Da bazara kika tafi. Kwana biyu jikinki kamar garwashi, zuciyarki tana bugawa har ana ganin rigarki tana motsi. Mata biyu kawai suka yarda suka yi miki wanka.

Goggo ce ta kawo ni Jalingo wajen danginta, inda ba wanda ya san mu. Ta ja mini kunne ta ce idan ina son aure da zaman lafiya in ce tun ina goye uwata ta rasu. Haka na faɗa wa baban su Binta, haka na faɗa wa danginsa. Ranar da aka haifi Binta ya ce a sa mata sunan mahaifiyata, na ce a'a, a sa na yayarsa. Ya yi ta yabona wai ina son danginsa.

Akwai wanda ya fi wannan. A garinmu cewa ake a nono ake shan maita. Ni na sha naki. Saboda haka Binta tana wata huɗu na shafa maɗaci na ce nonona ya ɓaci, na raine ta da kunu da madarar shanu. Ta yi kuka har muryarta ta dushe, ƙirjina ya cika yana zuba, na ɗaure shi da zani. Duk don kada ki isa gare ta. Ga shi kin iso.

Wata uku ina ɓoye Binta. Na hana ta zuwa aike, na saya mata gyale mai kauri, yarinyar da zafi ke kashewa. Na yi mata turare, na karɓo mata rubutun sha wajen malam. Allah ya haɗa mu da Sista Rifkatu, wata ma'aikaciyar asibiti 'yar Wukari da ta kama haya kusa da mu tun da aka ba mu jiha, gari ya cika da baƙi. Ta shigo gaisuwa, Binta ta kawo mata ruwa, kofin yana ƙara a kan faranti. Sista ba ta sha ruwan ba. Ta kama wuyan hannun yarinyar tana duban agogo, sannan ta ce da irin Hausarta, “Maman Binta, yarinyan nan ba ya da lafiya. Kawo shi asibiti gobe, kar ka yi wasa da ni.”

Likitan ba ya jin Hausa, Sista ce ke fassara. Ya sa Binta ta miƙe hannuwa, ya ɗora takarda a kai, takardar ta yi ta rawa. Ya taɓa wuyanta ta baya, ya ce ta haɗiye ruwa. Aka ɗebi jini aka aika da shi nesa. Ya ce a gaban wuyan kowa, har nasa, akwai wani ɗan nama mai fiffike biyu, aikinsa ya riƙa zuba wani sinadari kaɗan-kaɗan a cikin jini, shi ke gaya wa jiki saurin da zai yi aiki. Ya ce irinsu suna da yawa, akwai a cikin kai, akwai a kan ƙoda, akwai mai kula da suga, kowanne da saƙon da yake aikawa. Na Binta ne ya wuce iyaka. Sista ta ƙara da nata, ta ce kamar murhu ne da ake ta cusa masa itace, komai aka ɗora sai ya ƙone. Shi ya sa yunwa, shi ya sa zafi, shi ya sa rama da bugun zuciya. Idanun ma cikin ciwon suke.

Dada, ina zaune a kan benci, ƙanƙarar da ta kashe miki kasuwa, ta raba ki da 'yarki, ga likita, yaro sa'an ƙanena, yana zana ta da biro a bayan kati. Har da maganinta. Ƙwayoyi 'yan mitsi-mitsi, ko girman gero biyu ba su kai ba.

Sai ya ce ciwon ya fi kama mata kuma yakan bi dangi. Ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa yin irinsa a gidanmu. Binta tana kallona. Bakina ya ce babu. Shekara ashirin yana faɗar haka, bai jira ni ba.

Na ɗauka ƙaryar ba ta da nauyi tunda an ba da magani. Ashe yarinyar ta ɗauke ta ta tafi da ita. A makaranta 'yan ajinsu sun fara matsawa daga bencinta. A unguwa wata mata ta janye 'yarta daga bakin famfo da ta ga Binta ta nufo. Matar tana cikin ajin nan namu, tana jin wannan wasiƙa. Ba zan faɗi sunanta ba, kuma ban riƙe ta ba, don abin da ta yi rana ɗaya ni shekara biyu na yi wa uwata.

Binta ta daina zuwa makaranta. Ina gyaran shimfiɗa na tarar da ƙwayoyin kwana tara a ƙulle a bakin gyale. Da na yi mata faɗa ta ce, “Mama, likita ya ce ciwon na dangi ne, ke kuma kin ce ba mu da shi. To nawa ba shi ba ne. Abin da suke faɗa ne. Ƙwaya ba ta maganinsa.” Ta faɗi haka da idanunki. Jijiyar wuyanta tana harbawa kamar taki a bazarar nan.

Rannan da azahar na zaunar da ita a inuwar dalbejiya, na kira babanta da ya dawo cin abinci, na faɗa musu komai. Kunun gyaɗa, Ladi, tabarma, kwanon da kike rufewa, maɗacin da na shafa. Babanta ya ture kwanon abincinsa gefe. Daga baya ya ce, “Da kin bari an sa mata sunan.” Ya tashi ya yi alwala. Ban san abin da ke ransa ba har yau, amma shi ya kai mu asibiti washegari.

Binta tambaya ɗaya ta yi mini. Ta ce, “Ranar da aka sa ta tsallaka, wa ya tsaya mata?” Na ce babu kowa. Ta ce, “Ke kina ina?” Na ce a bakin zaure. Ta kwance bakin gyale ta ɗauki ƙwaya, ta ce in miƙo mata ruwa.

Na koma wajen likitan na ce na yi masa ƙarya, uwata ta yi wannan ciwon kuma shi ya kashe ta. Bai yi fushi ba, ya dai rubuta wani abu a kati. Na tambayi Sista me ya rubuta, ta ce “kakar yarinya ta wajen uwa.” Na ce tana da suna. Na roƙi biron. Na iya rubuta sunan 'ya'yana biyar, na iya na shugabar ajinmu, na iya Taraba da Najeriya, amma naki ban taɓa gwadawa ba. Na rubuta shi a gefen katin, baƙi ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu wata biyu tana shan magani ba fashi. Tana barci, zafin ya ragu, rubutun ya fara miƙewa. Sun ce za a yi fiye da shekara ana sha, kuma in ta yi zazzaɓi da ciwon maƙogwaro mu garzaya, kada mu jira. Ba su yi mini alkawarin komai a kan idanun ba. Wataƙila su koma, wataƙila su zauna haka. Kullum da safe nakan ƙirga bugun hannunta yadda Sista ta koya mini, ina kuma duba wuyan ƙannenta mata idan ina yi musu kitso. Tsoron bai tafi ba, Dada. Na dai san sunan abin da nake tsoro.

Kwano ɗaya muke ci da ita yanzu. Idan ta ɗago ta dube ni, ba na kawar da kai. Amma duk sanda na kwashe tuwo sai in ji muryarki a bayana, a hankali, ba faɗa, ba gori, kina kirana. Sau nawa kika kira ni? Na yi ƙoƙarin ƙirgawa na kasa.

Allah ya jiƙan ki, ya sanyaya miki makwanci da sanyin da kika rasa a duniya. Allah ya ƙosar da ke daga abincin Aljanna. Ya ba Binta lafiya, ya tsare ta daga bakin mutane. Ya yafe wa waɗanda suka tsaya a ƙofarmu, ya yafe wa wadda ta tsaya a bakin zaure.

Matan ajinmu, ku ji: uwata ba ta mutu ina goye ba. Ita ta raine ni, nononta na sha. Sunanta Hauwa'u, mai kunun gyaɗa. Ciwo ta yi.

Dada, hannunki a wanke yake. Ga ni na zo.

'Yarki,
Hajara Hauwa'u