Kwamfuta a Gadon Ilyos

Litinin, 6 ga Nuwamba

Oyijon, surukata, ta faɗa yau muna shan shayi, kamar gishiri ta zo ara. Mohira, ƙanwar mijina, ta shiga watan haihuwa, kuma uwar mai jego ce ke kai gadon jariri. "Ga naku can ƙura na cin sa. Katako ai ba ya zaman makoki, 'yar nan."

Na ce to. Me zan ce? Mahaifiyata ce ta kawo shi bara, da kakaki da ganga, duk unguwarmu ta birnin Kokand ta fito kallo. Ɗana Ilyos bai cika wata a cikinsa ba, Allah ya karɓi abinsa.

Doniyor bai ɗago kai daga kwanonsa ba. Miji ke nan.

Alhamis, 9 ga Nuwamba

Na dawo daga gidanmu, gado ba ya ɗaki. Na ɗauka an kai wa Mohira. Ashe yana rumfar bayan gida inda Doniyor ke haukarsa. Mutumin da ya cusa kwamfuta cikin tukunyar shayi ta tagulla, da keken ɗinkin kakarsa, har da kejin tsuntsu! Samari na zuwa ɗaukar hoto suna zuga shi, wai gwani. Yau abin ya kai ga gadon ɗana.

Na ce, "Yaya Doniyor, dutse ne a ƙirjinka?"

Ya ce, "Miƙo mini sukuddirebar nan."

Na miƙa masa ita ta sama. Ban same shi ba, bango ta daka.

Juma'a, 10 ga Nuwamba

Ba ma magana. Na zuba masa shinkafa, na tsince naman.

Talata, 14 ga Nuwamba

Oyijon ta gani, ta rafka salati. "Wayoyi a makwancin jariri! Wa zai kwantar da jikansa a nan kuma? Kai tun kana ɗan mitsitsi ba ka barin abu yadda ka gan shi."

"To ai shi ke nan, Oyijon, sai a nemo wa Mohira sabo. Ni zan je kasuwar da kaina."

Da sauri Doniyor ya faɗa, kamar wanda ya haddace. Na kalle shi, ya kau da kai. Na wuni ina juya abin.

Lahadi, 19 ga Nuwamba

Doniyor ya fita, na shiga rumfar. Masifa na je nema, in ga inda ya farfasa. Ko ƙusa ɗaya bai buga ba. Wayoyin duk sun bi ta ramin ƙasa, inda ake sa 'yar tukunyar fitsari. Allon na'urar kuwa da majanyun nan masu faɗi ya ɗaure shi, waɗanda ake ɗaure jariri da su kada ya faɗo, irin ƙullin da mahaifiyata ta koya mini. Ban san yana kallo ba lokacin.

Ya tokare ƙafafun da 'yan katakai, don ba a lilo da gadon da ba kowa a ciki. Wannan ma ya tuna.

A kunne ya bar kwamfutar. Na taɓa katakon, da ɗumi. Ban san sanda na fito ba.

Asabar, 2 ga Disamba

Mohira ta sauka, mace. Kowa ya tafi barka, ni na ce kaina ke ciwo.

Tun shekaranjiya Doniyor ya shigo da gadon ɗakinmu, wai dusar ƙanƙara na zuba cikin rumfa. 'Yar fankar cikinsa tana wani huci a hankali, ba ta tsayawa. Bayan la'asar ina ninke kaya aka ɗauke wuta, ɗakin ya yi tsit. Kafin in san me nake yi na ƙwala ihu, "Ya daina numfashi!"

Ya shigo a guje, ya dube ni, ya dubi gadon. Sai ya zauna daɓas a ƙasa. Mutumin da ya dawo daga maƙabarta idonsa a bushe, yau na ga kafaɗunsa suna rawa.

"Na kasa buɗe baki in ce kada a ɗauka, Zulfiya. Ta yaya zan hana uwata? Wannan kaɗai na iya."

Mun yi kuka har aka dawo da wuta. Zuciyata ta yi ciwo, amma ba irin na kullum ba.

Laraba, 6 ga Disamba

Na je barka. Na karɓi jaririyar, ban daɗe ba na mayar wa uwarta. Tana da nauyi, tubarkalla. Oyijon ta cusa mini gurasa mai zafi a jaka.

A gida Doniyor ya ce in ina so zai kwance komai, ya mayar da gadon yadda yake, a rufe shi a ajiye. Na ce ya bar shi a kunne tukuna. Ɗakin da sanyi, shi ke nan dalili.

Ilyos ma ba ya son sanyi.