A Bakin Injin Niƙa

Zomba

Mama abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ciwon gwiwar, yaya gona? Ni da jikarki Tadala muna lafiya, sai dai gajiya.

Mama, abin nan ya sake faruwa. Ranar Litinin na je ɗauko Tadala daga makaranta, ƙasa duk santsi bayan ruwan sama, kin kuwa san tafiyata. Na yi tangaɗi na dafa ƙofa, sai wata mata ta ce, “Oh ni! An sha giyar kachasu tun da rana tsaka.” Na buɗe baki in ce ban taɓa ɗanɗana giya ba, harshen ya yi min nauyin da ya saba. Dariya ta ƙaru, Tadala tana tsaye tana kallo.

Shugabar makarantar, Malama Gondwe, ta kira ni ofis. Ta ce ba za ta riƙa damƙa yarinya a hannun mashayiya ba, in aka kuma, za ta kira jami'an kula da yara. Na ce mata larurar galahanga ce, da ita na tashi. Ta ce, “Maman Tadala, ki ji tsoron Allah. Ɗan ƙanwata na da ita, ƙafafunsa a sandare, sai an ɗauke shi. Ke da kike sayar da kifi a kasuwa?”

Tun ina ƙarama nake wannan bayani, Mama. Bakina ya gaji. Ki sa mu a addu'a, kada a raba ni da 'yata.

Taki,
Tiyamike

Zomba

Mama,

Na samu saƙonki, na gode da gyaɗar. Ina fata ƙafar ta yi sauƙi.

Sista Nkhoma, wadda ke motsa min gaɓoɓi a asibiti, ta raka ni makarantar. Ta ce wa Malama Gondwe, “Rauni ne a ƙwaƙwalwa tun jarinta, amma ba wuri ɗaya yake taɓawa ba. Wani gaɓoɓinsa su sandare, kamar yaronku. Wani jikinsa ya yi ta murɗewa ba da sonsa ba. Ita wannan, daidaita jiki ne ke ba ta wuya. Hankalinta kuwa, je ki taya kifinta ki gani.”

Malama Gondwe ta ba ni haƙuri har da riƙe hannuna. Ta ma tambayi ranar da za a kai yaron nasu asibitin. Maganar jami'ai ta mutu. Na zaci zan yi murna, amma barci kawai nake ji.

A hanya Tadala ta riƙe min kwando, har muka kusa gida. Ta ce, “Mama, gobe ki jira ni a bakin injin niƙa, ni zan zo in same ki.” Malamai sun fahimta, amma yaran ajinsu har yanzu kwaikwayon tafiyata suke yi.

Ban tambaye ta dalili ba, na ce to. Yanzu can nake jira. Akwai benci, mai injin ba ruwansa da kowa. Kuma in ta karyo kwana ta hango ni, Mama, da gudu take tahowa.

Ki gaida mutanen gida.

'Yarki,
Tiyamike