Dokin Surukina Ba Ya Hawuwa Ta Hagu

Hajiya mai wannan fili, sallama da fatan alheri. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin ƙarshen watan nan, domin na rasa inda zan sa kaina. Ban taɓa rubuta wa jarida wasiƙa ba, kuma ko a mafarki ban zaci abin da zai sa in rubuta shi ne doki ba. Ba yabon kai ba, shekara ashirin da biyu na yi a rundunar 'yan sandan doki, na yi ritaya da igiya uku a hannu. Dawakin da suka bi ta hannuna ban san adadinsu ba. Yau ga doki guda ɗaya tal ya kai ni bango a cikin gidana.

Surukina, mahaifin matata, ya rasu wata biyu da suka wuce, Allah ya ji ƙansa. Manomi ne, a gonarsa yake zaune can bayan gari, yana da wani farin doki da yake kira Kili, shekararsu tara tare. Kafin ya cika ya bar wasiyya a gaban 'ya'yansa cewa dokin nan ni za a kawo wa, kada a sayar. Ni kaina na yi mamaki, don ni da tsohon ba mu taɓa shan inuwa ɗaya ba a kan maganar doki. Duk ranar da na je gaishe shi sai ya tsokane ni, wai mu 'yan sanda ba hawan doki muke yi ba, zama kawai muke a kansa kamar buhu ana ɗaukarmu hoto. In yi dariyar yaƙe saboda surukuta, in dawo gida ina huci.

Mako uku ke nan da aka sauke mini shi daga mota. Tsakani da Allah ban yi masa rowar komai ba. Na fitar da tarkacen da ke cikin gareji, na zuba dusar katako a kan siminti, na sa aka raba duro biyu, ɗaya na ruwa ɗaya na abinci. Ƙofar garejin titi take kallo, daidai shagon mai walda, na ce ma gara haka, ya riƙa ganin mutane ya saba. Hatsi kuwa sau uku a rana nake ba shi kamar yadda muke yi a wurin aiki, har fatarsa ta fara sheƙi. Sakayyar da na samu ita ce harbi. Ya karya katako biyu na ƙofa, yana yini yana zagaye wuri ɗaya har ya yi hanya a cikin dusar, da safe ya miƙa wuya wajen titi ya yi ta haniniya kamar ana yanka shi. Da na shiga sai ya kwantar da kunnuwa. Ranar nan ya cafke ni a kafaɗa, rigar ta tashi daga aiki, shatin haƙoransa har yanzu yana nan.

To ga inda rigimar take. Surukina ƙafarsa ta hagu a sandare take tun wata faɗuwa da ya yi yana matashi, saboda haka komai ta dama yake yi wa dokin. Ta dama yake sa masa ragama, ta dama yake ɗaura sirdi, ta dama yake hawa. Hajiya, ki tambayi duk wanda ya taɓa riƙe linzami, doki ta hagu ake hawansa. Haka aka koya mini, haka na koya wa ƙananan ma'aikata, na kuma hori wasu a kan haka. Tun ranar farko na ce sai na gyara masa wannan karkatacciyar tarbiyya. Amma da na ɓullo masa ta hagu sai ya juyo mini gindi yana shirin shuri. Matata kuwa, wadda ko sirdi ba ta iya ɗagawa, in ta je masa ta dama sai ya ɗora mata kai a kafaɗa yana lumshe ido. Ta ce mini in bi ta daman mana in huta. Na ce kada ta koya mini aikina.

Ranar Talatar da ta wuce na ce yau za a yi ta ta ƙare. Na ɗauko sirdina na aiki, don na tsohon yana can wurin ƙanin matata, kuma ko yana nan ba zan hau wannan tsumman ba. Na jawo dokin ƙofar gida. Mai walda, da tela, da mai shago duk suka fito kallo, mutanen da shekara goma suna kirana Sajan, kuma ni na cika su da labarin dawaki har sun haddace. Na sa ƙafa a likkafa ta hagu ke nan, wani ya tada injin yankan ƙarfe a shagon walda. Ban san sama ban san ƙasa ba, sai dai na tsinci kaina a cikin kwata, takalmi ɗaya a ƙafata, ɗayan kuma a bakin titi. Tela ya yi dariya har yana riƙe ciki, daga baya yana cewa wai tari ne ya sarƙe shi.

Abin da na yi bayan nan shi ne ke cina. Zuciya ta ɗebe ni, na zaro bulala na tsula masa sau uku, ɗaya a fuska. Ina juyowa na ga matata tsaye a bakin ƙofa. Ta karɓi igiyar daga hannuna, ta bi ta damansa ta shigar da shi. Tun ranar sai dai in tarar da abinci a rufe a kan tebur, gaisuwa ce kaɗai ke haɗa mu. Shekararmu talatin da ɗaya, ba mu taɓa kwana biyu a haka ba. Magana ɗaya ta faɗa mini, cewa shekara tara babanta ko tsinke bai taɓa ɗaga wa dokin nan ba.

Yanzu labari ya kai kunnen ƙaninta. Ya ce wasiyya an cika ta, an kawo, an gwada, abin bai yiwu ba, kuma ba zai zuba ido doki ya karya wani ba. Ya samo wani mai ɗiban yashi da keken doki da ke so, ya ce in ƙarshen wata ya yi bai natsu ba zai zo da mota ya ɗauke shi. Ni na san yadda dokin yashi yake ƙarewa. Matata ma ta sani, shi ya sa take shiga garejin ta daɗe, ta fito ido jawur.

Wani lokaci sai in ga kamar da gangan tsohon ya yi mini haka, don ya nuna wa duniya ban iya komai ba. Kuma bari in faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba: bayana yana ciwo tun faɗuwar, kuma yanzu in zan buɗe ƙofar garejin gabana faɗuwa yake yi. In ci gaba da matsa masa har ya saduda ne, ko in sakar wa ƙaninta ya tafi da shi kowa ya huta? Abu ɗaya nake roƙo, kada ki ce in hau ta dama. In tsofaffin abokan aikina suka ji, na shiga uku.

Tsohon Sajan da doki ya kayar.

Amsa:

Sajan, sannu da faɗuwa, kuma na yaba da ka faɗi gaskiya har da maganar bulala da ta faɗuwar gaba. Ba kowane mai igiya uku ne zai iya ba. Kafin komai, ka je asibiti a duba bayan nan. Ba shekara ashirin gare ka ba, kuma dokin da matar duk suna bukatarka a tsaye.

Ni ba mahayiya ba ce, don haka na kai wasiƙarka wurin wata likitar dabbobi da wani dattijo da ya tsufa a barga. Bakinsu ya zo ɗaya: dokinka ba mugu ba ne, a ruɗe yake. Duba abin da ya same shi cikin wata biyu. Mutumin da ya sani shekara tara ya ɓace. An ɗauko shi daga fili da shiru an kulle shi shi kaɗai a ɗakin siminti, yana kallon tartsatsin walda. An cika shi da hatsi irin na dokin da ke yini a bakin aiki, alhali ko taku ɗari ba ya yi. Sannan wani baƙo ya zo masa ta ɓangaren da ba a taɓa zo masa ba, ya ɗora masa sirdin da ba nasa ba. Ko mutum aka yi wa haka sai ya yi cizo.

Ka ajiye maganar hawa gaba ɗaya, aƙalla mako uku. Ka rage hatsin a hankali har ya koma ɗan kaɗan, ciyawa da ruwa su yawaita. Ka toshe ɓangaren titi, in akwai hali ka buɗe masa ta cikin gida, inda zai riƙa ganin mutanen gidan, ko ma wata dabba, don doki ba ya son kaɗaici. Kullum safe da yamma, a lokaci ɗaya, ka ja shi da ragama zuwa wani fili mara hayaniya ya miƙe ƙafa ya ci ciyawa. Ba 'yan kallo, ba tela. Ka kira likitan dabbobi ya duba haƙoransa, da gadon bayansa, da idonsa na hagu musamman, tunda ba a taɓa gwada shi ta nan ba, kuma bulala ta sauka a fuska. Ka aika a karɓo sirdin tsohon. Tsumma ne a idonka, amma ya riga ya zauna daidai da bayan dokin. Bulala kuwa ka rataye ta, ta riga ta jawo maka asarar da ta fi ta katako biyu.

Yanzu abin da ka roƙe ni kada in faɗa. Yi haƙuri, sai na faɗa: ka je masa ta dama. Kana da gaskiya cewa doki mai cikakkiyar tarbiyya ya kamata ya karɓi mutum ta kowane ɓangare, kuma nan gaba kai ne za ka koya masa hagun, kaɗan kaɗan, yau shafa, gobe ragama, jibi sirdi. Amma ba a gyara wa wanda bai yarda da kai ba. Ƙa'idar hagu ta wurin aiki ce, inda dawaki da yawa da mahaya da yawa dole su bi tsari ɗaya. A gidanka doki ɗaya ne da mahayi ɗaya, ba fareti. Abokan aikinka kuma, duk wanda ya san doki a cikinsu ba zai yi maka dariya ba, wanda bai sani ba dariyarsa ba ta karya ƙugu.

Ƙanin matarka kada ka ɗauke shi abokin gaba. Tsoronsa yana kan hanya, doki mai harbi a bakin titi ba abin wasa ba ne. Inda ya yi gaggawa shi ne wa'adin, don mako uku ba su isa a yanke wa doki hukunci ba. Ka je ka same shi da kanka, ba ta waya ba, ka ce masa kuskuren naka ne, ka zayyana masa abin da za ka canza, ka nemi wata uku. In an yi duk wannan dokin bai natsu ba, to gari ne bai karɓe shi ba, sai a nema masa gona wurin mai tausayi, ba keken yashi ba. Kuma yayarsa ce za ta zaɓi inda zai je.

Amma kafin ka je wurin ƙani ko wurin doki, ka fara da ɗakin matarka. Ba dabba take yi wa kuka ba, ubanta take yi wa, kuma dokin nan shi ne abu na ƙarshe mai numfashi da ya fito daga hannunsa. Ka ba ta haƙuri ba tare da ka ce amma ba. Sannan ka roƙe ta ta shiga garejin tare da kai, ta nuna maka yadda babanta yake kiransa, inda yake fara taɓawa, da abin da yake ce masa. Ita ta riƙe igiyar, kai ka tsaya a bayanta har ranar da dokin zai miƙo maka kai da kansa. Ka koyar da mutane shekara ashirin da biyu, mako biyu na zama ɗalibi ba za su rage ka da komai ba.

Zargin da kake yi wa marigayi kuwa, ka cire shi daga ranka. Mutum a kan gadon mutuwa ba ya wasa da abin da ya fi so don ya ci wa wani fuska. Yana da 'ya'ya na cikinsa, ya tsallake su ya ce kai. Tsokana ce ya iya yi maka a fili, yabon bai iya faɗa ba sai a wasiyya. Kada ka bari a loda wannan yabon a mota a kai shi ɗiban yashi.

Allah ya ji ƙan surukinka, ya ba ka lafiyar baya, ya sanyaya zuciyar uwargida, ya kuma sa Kili ya tsufa a hannunku.