Gondo da Tafin Gaisuwa

Mkoba, Gweru
12 ga Afrilu

Zuwa ga ɗana Munashe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, aiki kuma yana tafiya daidai a can Durban. Yaya tarin nan naka, ya sake ka? Mu nan lafiya lau muke, mun gode Allah. Mamanka ta ce in kira ka a waya kawai, amma ka san ni da waya, kafin in kai tsakiyar magana an katse. Kuma ban zauna a ajin yamma da furfura a kaina don in bar biro ya bushe ba.

Albishirinka! Ƙanwarka Ruvarashe ta dawo gida. Da yake cikin fari ne, dangin mijinta Edmore sun kawo ta ranar Asabar da akuyarsu, a wajenmu za ta haihu. Tun ranar nake ta yawo a unguwa ina gaya wa mutane na kusa zama kaka, har waɗanda ba su tambaye ni ba.

Sai dai Gondo, karen da ka bar mini, ya ba mu kunya. Mun shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, gwaggon Edmore, wata dattijuwa mai jiki, ta durƙusa ta fara tafin gaisuwa kamar yadda al'adarmu take, sauran suka ɗauka. Ban san ta inda Gondo ya ɓullo ba. Sai ganinsa na yi a ƙirjinta yana lashe mata fuska. Baiwar Allah ta mirgina, ɗankwali ya yi nasa wuri, akuya ta tsinke igiya ta faɗa lambun mamanka. Ruva ta riƙe ciki tana dariya har da hawaye. Mamanka ba ta yi dariya ba.

Da baƙi suka tafi ta ce da ni, "Baban Munashe, ko karen nan ko jikanka. Ba zan riƙe jariri a gidan da ake kayar da manyan mata ba. Kafin yarinyar nan ta sauka, ka kai shi ƙauye wajen Kawu."

Na ce, "Wasa yake yi, ai bai ciji kowa ba."

Ta ce, "To ka je ka gaya wa kwankwason matar nan wasa ne."

Munashe, tana da gaskiya. Amma ka san yadda karnuka suke a gidan Kawu, a ɗaure da waya a gindin bishiya, sai abin da aka kankaro daga tukunya. Kuma ba zan ɓoye maka ba, na saba da shi. Tun da ka tafi shi ke fitar da ni kowace safiya, gwiwata ma ta daina ƙara. Na roƙi mamanka ta ba ni lokaci zuwa haihuwa, ta yarda da ƙyar.

Abu ɗaya ke ɗaure mini kai. Mai karanta mitar ruwa yana shigowa, Gondo ko kunne ba ya ɗagawa. Maƙwabcinmu Chamu ya shigo a buge, ko kallo bai ishe shi ba. Sai masu ladabi kawai yake hawa.

Ka gaishe da abokan zamanka. Ka riƙa sa rigar sanyi.

Mahaifinka,
Zivanai Gwatidzo

Mkoba
3 ga Mayu

Ɗana Munashe,

Gaisuwa mai tarin yawa. Saƙonka ya iso, na ji daɗi da ka ce tari ya tafi. Ruva tana lafiya, ƙafafunta ne kawai suka ɗan kumbura, ba abin da take so sai gyaɗa da masara dafaffe.

Mahaifinka ya koma makaranta. Akwai wata mata, Netsai Dube, da ke koyar da masu karnuka ranar Asabar a filin ƙwallo. Da na ce karnuka take koyarwa, ta ce a'a, masu su take koyarwa, karnukan sun fi saurin ganewa. Ni ne mafi tsufa a ajin, kamar dai a ajin yamma. Sekuru suke kirana, wato kaka, ni kuwa ina amsawa da ƙarfi tunda sunan ya kusa zama nawa.

Ranar farko ta kalli sarƙar wuyan Gondo, mai shaƙewa idan ya ja, ta ce, "Sekuru, in na sa maka wannan na ja, za ka koyi karatu?" Ta sa na saya masa wata ɗamara mai zagaye ƙirji da kafaɗu, ta nuna mini yadda ake ɗaure ta har yatsu biyu su iya shiga tsakaninta da jikinsa. Tun daga nan ya daina wannan kakarin da yake yi a hanya, ni ma kafaɗata ta huta.

Ta hana ƙashin kaza dafaffe, wai yana tsagewa kamar allura a ciki. Ta hana miya mai albasa, da busasshen naman mahauta saboda gishiri da yaji. Ƙaramar ƙwallon da ka bar masa ma ta ce za ta iya maƙale masa a maƙogwaro, na jefar. Na yayyanka tsohon wandona na aiki, Ruva ta kitse shi ya zama igiya mai kauri, ba maɓalli ko ɗaya. Yanzu da ita yake kwana. Ladansa kuwa hanta ce, ina dafa ta ba gishiri, in yanka ƙanana kamar ƙwayar masara, in busar. Mamanka ta ce tun da muka yi aure ban taɓa dafa mata ko ruwan shayi ba.

To ga babban labari. A Asabar ta biyu Netsai ta miƙo mini ɗan buhun da ake zuba hantar a rataya a ƙugu. Ni kuwa ba a miƙo mini abu in karɓa haka kawai. Na tafa hannu zan karɓa, sai ga Gondo a ƙirjina, hulata a ƙasa.

Ta ce, "Sekuru, sake yi."

Na sake, ya sake.

A nan na tuna. Munashe, wa yake tsayawa a bakin ƙofa kullum in ya taso daga aiki, ya tafa hannu, ɗan kwikwiyo ya rugo ya faɗa jikinsa? Kai ne! Kai ka koya masa tafi kira ne na runguma. A lokacin bai fi takalmina ba, yanzu ya kusa ɗan maraƙi. Shi ya sa bai damu da Chamu ba, Chamu bai taɓa gaishe da kowa ba. Gwaggon Edmore kuwa ta yi gaisuwa mai kyau, shi kuma ya ɗauka kiransa take.

Netsai ta yi dariya har ta zauna a ciyawa. Ta ce ba za mu hana mutanen ƙasar nan tafi ba, sai dai mu canza wa Gondo ma'anarsa. Yanzu ina tafawa a hankali, in ce ya zauna, da zarar gindinsa ya taɓa ƙasa sai hanta. In ya yi tsalle in juya masa baya, ba duka, ba tsawa. Ya fara kamawa.

Mamanka tana gaishe ka, ta ce dama ta san da hannunka a ciki.

Naka,
Baba

Mkoba
30 ga Mayu

Munashe ɗana,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan sanyin bana bai matsa muku ba. Nan da safe har ciyawa tana yin fari. Ruva ta yi nauyi sosai, ma'aikaciyar asibiti ta ce ko yaushe.

Na so in rubuto maka cewa an gama, saura kaɗan kuwa in kai Gondo tasha. Ya iya zama sosai. In na tafa, ko daga bayan gida yake sai ya zo ya zauna a gabana yana kallon buhun. Na kira maza biyu daga coci suka gwada, ya zauna. Sai na ce wa mamanka ta fito ta ga abin mamaki. Ranar Alhamis ce, matan ƙungiyarsu ta coci sun rako ta gida cikin fararen rigunansu. Ɗaya ta ga Ruva, ta rusuna ta tafa. Kafin in buɗe baki, sawun Gondo biyu na jar ƙasa suna kan farar riga.

Mamanka ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta ce, "Motar ƙauye tana tashi ranar Litinin."

Na zauna a bakin lambu, shi kuma ya kawo mini igiyar wandon ya ajiye a ƙafata. Ruva ce ta fito ta ce, "Baba, tafa mu ji." Na tafa. Ita ma ta tafa nata. Ta ce, "Ka ji? Ba ɗaya ba ne." Haka ne kuwa. Mu maza muna haɗa hannu a miƙe, mata kuwa suna gicciya su, ƙarar ta fi zurfi. Ni na koya masa na maza kaɗai. Na mata yana nan a kansa yadda yake tun da.

Ruva ba za ta yi aikin ba, kada ya hau mata ciki. Mace ɗaya ta rage a gidan.

Na same ta tana tuƙa sadza, tuwonmu na masara. Na ce, "Maman Munashe, taimako nake nema."

Ta ce, "Na tafa wa iyayenka, na tafa wa kawunnanka har da wanda ba ya amsawa. Yanzu kare zan tafa wa?"

Na ce, "Ba don shi ba, don ni."

Ta ci gaba da tuƙinta. Can ta ce, "Ka riƙe igiyarsa da kyau. In ya taɓa mini zane, kai da shi za ku hau motar."

Haka muke yi yanzu kowace safiya kafin ta ɗora ruwa. Ina riƙe da ɗamara, ita tana tafawa tana harararsa. Litinin ta zo ta wuce, ba wanda ya ambaci mota. Ba ta ce an fasa kai shi ƙauye ba tukuna, ta ce sai ta gani da jariri a gida. Amma jiya na ga ta ɗebi hanta daga buhuna ta zuba a aljihunta. Na yi kamar ban gani ba.

Ka sa mu a addu'a, musamman ƙanwarka.

Mahaifinka,
Z. Gwatidzo

Mkoba
17 ga Yuni

Zuwa ga Munashe, kawun yarinya,

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya, amma yau ba zan iya doguwar gaisuwa ba. Na san mamanka ta riga ni a waya, duk da haka sai na rubuta da hannuna: Ruva ta sauka lafiya, mace ce! Uwa da 'ya suna cikin ƙoshin lafiya. Tana da gashi cike da kai, da hancinka, Allah ya sa ta fi ka jin magana. Edmore ya sa mata suna Makanaka.

Kafin a sallamo su, na kawo wani ɗan zanen da aka naɗe ta da shi na ba Gondo ya shinshina, kamar yadda Netsai ta ce. Ta kuma ja mini kunne cewa komai hankalinsa kada a bar shi da jaririya su kaɗai. Wannan doka ce, ni da mamanka mun yarda da ita.

Da cibiya ta faɗi aka fito da ita, dangin Edmore suka zo. Gwaggon nan tana gaba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Surukina, wannan ɗan iskan yana nan?" Na ce yana nan, ga shi a hannuna. Ta durƙusa tana kallonsa ta gefen ido, ta tafa. Gondo ya zauna. Sauran suka tafa, ya dube su ɗaya bayan ɗaya, bai motsa ba. Gwaggo ta ce, "Ikon Allah! Ya fi Edmore ladabi."

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Ana cikin hira mamanka ta fito da Makanaka, ta nufo ni ta ce, "Karɓi jikarka, Sekuru." A asibiti ta taga kawai na gan ta, a gida kuma tana ɗaki, ban taɓa riƙe ta ba. Munashe, komai ya fita daga kaina. Na saki igiyar Gondo, na tafa hannu da dukan ƙarfina zan karɓa, irin tafin da kake yi a bakin ƙofa. Sai da ƙarar ta fita na tuna. Ga jaririya a tsakaninmu, ga kare a sake.

Na ji ya taso. Ya zo daidai ƙafar mamanka, ya zauna, ya ɗaga kai yana jira, wutsiya tana share ƙasa.

Mamanka ta sa mini yarinyar a hannu, ta gyara mata kai a gwiwar hannuna. Sannan ta laluba aljihunta ta ciro hanta ta ba shi. Ta ce, "Ka gaya wa Kawu ya nemi karensa a wani wuri."

Makanaka ta kama mini ɗan yatsa, idona ya cika.

Idan ka zo Kirsimeti, ka tsaya a bakin ƙofa ka tafa yadda ka saba. Kada ranka ya ɓaci in ya zauna maimakon ya faɗa jikinka. Ka durƙusa kai ka rungume shi. Ka taho da babbar ƙwallo mai tauri, wadda ba za ta shige bakinsa duka ba, da 'yar rigar sanyi ta jarirai.

Kowa yana gaishe ka. Zan tsaya nan, an ce ta farka.

Ni ne mahaifinka,
Sekuru Zivanai Gwatidzo