Bargon Mai Gadi a Kan Eriyar Jirgi

Yaya Ibrahim,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali duka. Yaya ƙafar taka, ta yi sauƙi? Mu nan lafiya lau, ban da shinkafarka ta Assakio.

Tsuntsaye sun sauka a kanta. An turo ƙaramin jirgin feshi, amma yau kwana shida bai tashi ba. Rediyonsa ya daina magana, matuƙin kuma ya ce ba zai tashi kurma ba. Da yake ina taɓa gyaran rediyo, aka kira ni. Na duba batir, na bi waya har gindin eriya, na tarar ya tsage. Ashe mai gadi ne ya ga waya miƙe daga saman jirgi zuwa wutsiya, ya shanya jiƙaƙƙen bargonsa a kai.

Da na yi masa faɗa ya ce, "Malam, to igiyar mece ce?"

Na liƙe da dalma, muka kunna, sai shuuu kawai. Sabuwar eriya sai an kawo daga Legas. Yanzu ni da duk karatuna muna gonarka muna kaɗa gwangwani, tsuntsayen ko ɗago kai ba sa yi.

A sa mu a addu'a, ko iri ya tsira. Ka gaida Inna.

Ƙanenka,
Musa