In na ba Auta amsa, zai daina zuwa

Don Allah 'yata, ki taimaki tsoho da shawara, ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana.

Na daɗe da yin ritaya daga aikin gidan waya. Yanzu daga gado sai kujerar bakin taga. Matata ta rasu, 'ya'ya sun watse, ni kaɗai nake kwana nake tashi a gidan da muka gina. Wata rana sai in yini ban ji muryata ba, sai dai tari.

Autana ne ya zo da magana. Akwai wani babban kamfanin gidajen abinci da ke ba mutum izinin buɗe reshe da sunansa. Amma sai ka fara biyan kuɗin shiga a dunƙule, kuma ba a mayarwa ko da an rufe wurin. Na tambaye shi ko kuɗin ya haɗa da tukwane da kujeru da haya. Ya ce a'a, suna ne kawai da horo da allon da za a kafa a ƙofa, kuma duk wata suna da kaso a ciniki. Na ce a zamaninmu ba a sayen suna, yin sa ake yi. Ya yi dariya, wai zamani ya wuce ni. Wataƙila.

So yake in ba da takardun gidan nan jingina a banki, a ba shi bashin kuɗin shigar ya buɗe reshe.

Ga abin da ke cina. Tun da maganar ta taso, kowane mako sai ya zo. Ya gyara famfon da ya daɗe yana ɗiga, ya yanke mini farce, ya zauna a kujerar mahaifiyarsa muna hira har shayi ya huce. A da kuwa sai a waya, ita ma a gurguje. Shi ya sa nake jan ƙafa: yau tabarau ya ɓace, gobe ƙirji ya tashi. Ba zan iya ba da gidan ba, ba ni da inda zan je in mutu. Amma in na ce a'a, wa zai sake zama a kujerar nan? Ga shi kamfanin ya ba shi wa'adi zuwa ƙarshen wata.

Tsoho mai sauraron ƙofa

Baba, kada ka sa hannu. Kuɗin shiga ƙofa kawai yake buɗewa, sauran kashe-kashen suna ciki suna jira. In ciniki ya ƙi, kamfani ya cire allonsa, banki ya karɓi gidanka.

Sai dai Auta ma yana da haƙƙi a kanka. Neman na kansa yake yi, ba laifi ba ne, kuma jan ƙafarka yana cinye masa lokacin neman wata hanya. Ka ba shi amsa a zuwansa na gaba, ido da ido. Ka ce masa ya kai yarjejeniyar kamfanin wurin lauya, ya zauna da waɗanda suka riga shi buɗe reshe, har da waɗanda suka rufe. Ko ya nemi abokin tarayya, ko ya fara da ɗan ƙaramin wuri nasa. Ka kuma sanar da yayyensa halin da ake ciki.

Sannan ka faɗa masa abin da ka faɗa mini, cewa kana kewarsa. Ba zan yi maka alkawarin zai ci gaba da zuwa ba. Mai yiwuwa ya yi fushi ya ɗauke ƙafa. Amma wanda takarda kawai ta kawo shi ba kasafai yake durƙusawa ya yanke wa tsoho farce ba. Allah ya ƙara maka lafiya, Baba, ya sa ka sake jin an ƙwanƙwasa ƙofar.