Ladan Mai Ƙofar Hanci Ɗaya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo, wadda ta riga mu gidan gaskiya. Gaisuwa mai yawa da ban girma, tare da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Bayan haka, ɗanki Ummaru ne, ladanin masallacin Illela, yake rubuto miki. Na san takarda ba ta kai wa inda kike, amma labarin nan ya cika mini ciki, kuma na san ke ce za ki fi kowa dariya.

Inna, raƙumi ya cije ni a hanci. Ki yi dariyarki, duk gari sun yi tasu. Ranar kasuwa ce, ba a daɗe da rasuwarki ba. Wani Buzu ya durƙusar da raƙuminsa da kayan gishiri, ni kuma da shisshigin nan da kika sha yi mini faɗa a kansa, na sunkuya in duba ko gishirin na kirki ne. Ban ga gishiri ba, haƙora na gani.

Wanzami ya tsayar da jinin, amma ya ce ɗinkin ya fi ƙarfinsa. Aka aza ni kan jaki, kwana uku sai Sakkwato, wurin likitan Turawan nan da kika rantse ko ruwa ba za ki sha a hannunsu ba. Suka shaƙa mini wani abu a ƙyalle, na yi barcin da ban taɓa yin irinsa ba, na farka na tarar an ɗinke hancin kamar bakin taiki. Ya zauna a wurinsa, alhamdu lillahi, sai dai nama ya toshe ƙofar hagu. Tafinta ya ce sai an sake aiki na biyu a buɗe ta, amma ba yanzu ba, sai tabon ya daina ja, ya yi laushi.

To, kin san muryar da na gada wurin Baba, wadda kike cika baki cewa har matan ƙauyen Araba da ita suke aza tukunya. Ta tafi. Na fita gona ni kaɗai na gwada ɗaga ta, jakina ya juyo ya amsa mini. Kunya ta kama ni, na ja amawali na rufe rabin fuskata, na bar wa Malam Isa maƙwabcinmu kiran salla.

Wata uku ina ɓuya a sahun baya. Rannan Liman ya tsayar da ni a ƙofar masallaci ya ce, “Ummaru, matakalar ga ta ubanka ta, amma ba a barin ta ga riƙo har abada. In azumi ya kama ba ka hau ba, ta zama ta Isa.” Ban ga laifinsa ba, amma na kasa cin tuwo ran nan. Shekara nawa Baba ya yi yana hawan matakalar lakar nan yana kiran salla, a ce a hannuna za ta bar gidanmu saboda raƙumin wani?

Kina yawan ce mini, “Kai Ummaru, ko dambu ba ka bari shi turaru.” Ban canza ba, Inna. Na sa surukarki Ige ta yi ta shafa mini man shanu safe da yamma, har ƙudaje suka san ni, sannan na kama hanyar Sakkwato da ƙafa, alhali lokacin da likita ya ɗibar mini bai ko kusa ba. Na tsaya gabansa na rantse na warke sarai. Bai yi musu da ni ba, babban yatsa kawai ya sa ya danna tabon. Hawaye ya yi tsalle daga idona. Tafinta ya ce in aka yanka yanzu naman zai sake haɗewa, ƙofar ta toshe ke nan har mutuwa, in koma gida sai bayan an ɗaure gero. Azumi kuwa saura kwana ashirin.

Na dawo jiki a sanyaye. Na shigo gari rana ta gota, ƙura har gwiwa, na iske Liman tsaye yana duban inuwa. Ashe Isa ya tsallaka kasuwar Ƙonni, ɓangaren da Faransi ke mulki, bai dawo ba, ga azahar tana neman wucewa. Liman ya dube ni, ya dubi matakala.

Na hau, Inna. Na sauke amawalin, na toshe kunnuwa, na kira da abin da ya rage mini.

Ban taɓa ganin sahun azahar ya cika haka ba. Har waɗanda sai Juma'a ake ganinsu sun fito su ga baƙon ladan. Da aka sallame sai Tsoho Maigishiri, abokin Baba, ya waiga ya ce, “Mi ni ji haka? Ni na aza Faransi sunka aiko muna nasu ladan, ga shi duk ta hanci!” Masallaci ya kece da dariya, ni ma na yi har tabon ya yi zafi. Da aka natsu Liman ya kama hannuna ya ce, “Ba don daɗin murya munka sa ka ba, don kiyaye lokaci munka sa ka. Ka hau da hancin da Allah ya bar maka.” Isa da ya dawo ya ji, har goro ya kawo mini, ya ce dama hawan nan yana tayar masa da ciwon gwiwa.

Yau azumi ya wuce, kuma ni na kira sallolinsa daga farko har ƙarshe. Tabon ya fara duhu, in na danna ba ya sa ni hawaye. Gero ya fid da kai. Ige ta ce ko yanzu na tafi likita zai karɓe ni, na ce mata a'a, sai an ɗaure dami na ƙarshe. Da kina nan da kin riƙe haɓa kin tambaya wane ne wannan.

Ina kewarki, Inna. Ina kewarki ƙwarai. In na hau sama na fuskanci gabas, ina hango geza da aduwar da ke kusa da makwancinki, sai in ƙara ɗaga murya. In har kira yana isa inda kike, kika ji wata murya da ba ki sani ba, kada ki ce baƙo ne ya hau matakalar Baba. Ni ne.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yalwata shi, ya haɗa ki da Baba a Aljanna, ya ba ni haƙurin da kika yi ta roƙa mini. Amin.

Ɗanki mai ƙaunarki,
Ummaru Ladan, Illela.